Ƙafar Dutse Daga Ƙasar Girka

Ranar Laraba da la'asar, Baturen hanya da mutanen Kontagora ke kira Mai Lofe ya dawo daga aikin gada, ya zauna a barandarsa zai sha shayi. Ya miƙa hannu kan tebur inda ya saba shafa ƙafar dutse, sai ya shafi katako. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba bayan kujera, har cikin tukunyar fure ya leƙa. Ƙafa dai ta yi nata wuri.

A shekarar 1954 aka yi wannan. Ƙafar kuwa ta farin dutse ce, daga idon sawu zuwa yatsu, girmanta ya ɗan fi na ƙafar mutum, nauyinta zai kai na ɗan akuya. Mai Lofe ya zo da ita ne daga hutun da suka yi da matarsa a jirgin ruwa, inda suka yi ta yawo tsakanin tsibiran ƙasar Girka suna kallon tsofaffin gine-gine. Duk wanda ya zo gidan sai an nuna masa ita, ko yana so ko ba ya so, a kuma gaya masa cewa ta shekara dubu biyu da ɗoriya. Mutanenmu sukan gyaɗa kai don ladabi, su fita suna tambayar juna ina sauran jikin.

Kafin a yi sallar magariba labari ya gama gari, kuma kowa ya riga ya san ɓarawo. Dorkas ce, mai renon 'yar Bature. Bakambariya ce daga Salka, ta yi karatu a mishan, ita kaɗai ce a ƙasar nan ta taɓa shiga jirgin ruwa ta je Girka, don da ita aka tafi saboda yarinyar. Mutanen gari ba su taɓa yafe mata wannan tafiyar ba. Aka ce idonta ya buɗe, ta san kuɗin abin, wasu ma suka ce zinariya ce a ciki aka shafe da farar ƙasa. Abin da ya fi cutar da ita shi ne, ranar ita ce a gida, don ƙafarta ta kumbura da kurkunu ba ta iya zuwa kasuwa. Kuma sau biyu ta taɓa roƙon maigidan ya rabu da dutsen.

Mai Lofe ba mugun mutum ba ne, amma yana da saurin fushi, kuma in ya faɗi magana yana jin kunyar janye ta. A gaban ma'aikata da 'yan doka biyu ya kira Dorkas ɓarauniya. Ya ce in Asabar ta yi ba a ga ƙafar ba, za ta hau motar Salka ba takardar shaida. Wanda ya yi aikin Turawa ya san ma'anar wannan. Ba wani gida da zai sake ɗaukarta, kuma sunan zai riga ta isa cocin garinsu.

* * *

Sajan 'yan doka ya aika aka kira Sati. Shi Sati mutumin Rijau ne, tsohon maharbi, gajere, ba ya son magana kuma ba ya son takalmi. In saniya ta ɓace shi ake nema. Yakan kalli ƙasa ya gaya maka wanda ya wuce, da abin da ya ɗauka, da ko sauri yake yi. Sai dai a wannan karon sama ta yi masa shigar sauri, don ruwa ya sauko daren Laraba ya wanke farfajiyar tas. Da ya iso safiyar Alhamis ba abin da ya tarar sai sawun 'yan doka, waɗanda suka tattake ko'ina da manyan takalmansu suna neman abin da ba su san kamarsa ba.

Sati ya zagaya gidan sau biyu, ya dawo ya ce wa sajan ƙasa ba ta da abin faɗi yau, sai a tambayi mutane. Sajan ya ji daɗi, don shi ma abin da ya iya ke nan.

Sati ya fara da Baƙo kuku, mutum mai ƙiba da yawan rantsuwa. Baƙo ya ce da hantsi ya tafi kasuwa, ƙafar tana nan, ya dawo bayan azahar bai lura ba sai da maigida ya yi kira. Ya ce Uwargida da yarinya suna barci a ciki, Dorkas tana ɗakinta a baya, uwarta kuma ta shiga daji neman saiwa. Sati ya tambaye shi yadda ya tarar da teburin da ya kawo shayi. Baƙo ya ce fes, kamar kullum, ya rantse sau uku a kan haka. Sati ya lura da rantsuwar, don ba wanda ya musa masa.

Da zai fita, Baƙo ya bi shi har bakin kicin ya raɗa masa cewa ya ji an ce Mika'ilu ɗan koli ya zo gidan ranar, kuma ya taɓa taya ƙafar. Ya ce shi ba ya son sa kowa cikin magana, amma gaskiya gaskiya ce.

* * *

Ɗakin Dorkas yana bayan kicin, ƙarami, a share. Ta miƙe ƙafar dama a kan tabarma, idon sawun ya kumbura yana sheƙi. A gefe wata 'yar tsohuwa tana daka saiwa a ƙaramin turmi. Ita ce Lahadi, uwar Dorkas, wadda ta zo daga Salka jinya. Ba ta jin Hausa sosai, ba ta kuma shiga addinin 'yarta ba. Sati ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba, ya zauna a bakin ƙofa.

Dorkas ba ta yi kuka ba, amma daga muryarta ka san ta yi ta gama. Ta ce shekara huɗu tana goyon Alis, 'yar Baturen, ko allura ba ta taɓa ɓata a gidan ba. Sati ya ce ba wannan ya zo ji ba. Ya ce shi in zai bi dabba yakan so ya san inda ta kwana, don haka ta gaya masa inda aka samo ƙafar.

Sai fuskarta ta saki, don labarin da take so ne, kuma tun da ta dawo ba wanda ya tambaye ta shi da zuciya ɗaya. Ta ce jirgin gari ne guda, da benaye, da wurin rawa, ana kaɗa ƙararrawa sau huɗu a rana don cin abinci, kuma Turawa ba abin da suke yi sai kwanciya a rana suna ƙona kansu. Kwana uku na farko ta yi ta amai, daga nan ta ware, har ta fi su cin abinci. Ruwan tekun kamar an zuba baban rini, in ka ɗebo a hannu kuma fari ne. Kowace safiya sai su farka a gaban sabon tsibiri, a sauke su a ƙananan kwale-kwale, a hau jakuna a hau tudu.

Ta ce a kan tudun kufai ne, ba wani abu ba. Ginshiƙai na farin dutse, wasu a tsaye sun kai giginya tsawo, wasu a kwance sun rabu gunduwa-gunduwa. Akwai wurin da aka sassaƙa wuraren zama a jikin dutse, zagaye a kan zagaye, zai ci mutanen kasuwar Kontagora duka, kuma in mutum ya tsaya a tsakiya ya yi magana a hankali na can sama yana ji. Ta rera wa Alis waƙar Kambari a wurin, wasu tsofaffin Turawa suka tafa mata. Awaki suna kiwo a ɗakin da aka ce na ibada ne. Wani mutum da sanda yana gaba yana bayani, Turawa suna bin sa suna rubutu. Ta ce ita dai ta ji daɗin wurin, iska mai sanyi, ciyawa mai ƙamshi, amma ta riƙa taka ƙasa a hankali, don ta san gidan mutane ne.

"To ƙafar fa?" in ji Sati.

"A cikin ciyawa maigida ya gan ta, Baba. Mai sandan ya yi gaba da mutane. Maigida ya naɗe ta a tawul ɗin Alis ya sa a jakata, ya ce kada in ce komai. Ni na sauko da ita daga tudun, ni na shiga da ita jirgi."

Sati ya tambaya ko shi ya sa ta roƙi a rabu da ita. Ta ce eh. Ta ce ita Kirista ce, ba ta tsoron dutse, amma duk safiya in ta gan shi sai ta tuna cewa ta ɗauki abin da ba a ba ta ba. Sati ya kalli ƙafarta, ya san cewa macen da ba ta iya kaiwa bayan gida sai da sanda ba za ta sure dutse ta ɓace da shi ba. Amma tana iya miƙa wa wani, kuma abin da gari ke faɗa ke nan.

* * *

Mika'ilu yana da rumfa kusa da masu sayar da sirdi. Sana'arsa bin gidajen Turawa da kayan tagulla da jakunkunan fata da takubba, waɗanda yake binnewa wata biyu a bayan gida su tsufa. Da ya ga Sati ya san abin da ya kawo shi, ya shimfiɗa masa buzu, ya ba shi goro.

Bai ɓoye komai ba. Ya ce ya taɓa taya ƙafar, don ya san wani Bature a Minna da ke sayen irin wannan shirme. Ya ce ranar Laraba da rana tsaka ya je gidan, ya yi sallama ba a amsa ba, ya zauna a baranda ya jira kamar rabin sa'a, ya tafi. Ƙafar ba ta nan lokacin, ya zaci an shigar da ita ciki. Sati ya ce ya nuna masa inda yake binne takubba. Suka je, aka tona, aka sami takubba huɗu da tsohuwar buta, ba ƙafa. Mika'ilu ya roƙe shi kada maganar ramin ta fita, Sati ya ce shi ba takobi aka aiko shi nema ba.

Suna dawowa Mika'ilu yana ta mita a kan ma'aikatan Turawa na yanzu. Ya ce da ya so ya jera kayansa a kan teburin baranda kamar yadda ya saba, amma ya tarar an zubar da gari a kai ba a share ba, dole ya shimfiɗa a ƙasa.

Sati ya tsaya. Ya tambaye shi wane irin gari, Mika'ilu ya ce shi bai ɗanɗana ba.

* * *

Da la'asar Sati ya koma barandar, ya durƙusa gaban teburin. An goge shi tas. Amma akwai tsaga tsakanin katako biyu, kuma kiyashi sun yi layi daga tsagar zuwa ƙafar tebur, kowanne da ɗan farin abu a baki. Da safe ya gan su, ya ɗauka sukarin shayi ne, abin da ya daɗe yana jin haushin kansa a kai. Ya sa tsinke ya zaƙulo abin da ke cikin tsagar, ya ɗora a harshe. Garin gero ne, niƙan dutse.

Ya kira Baƙo ya nuna masa tsinken. Kuku ya fara rantsuwa, Sati ya ce ya bari, ya gaya masa yadda garin yake kafin ya goge. Baƙo ya zauna a ƙasa. Ya ce da ya kawo shayi ya ga gari a wurin da ƙafar take, ya san cewa duk gidan shi ne mai taɓa gari, sai tsoro ya kama shi ya goge da gefen rigarsa. Ya ce ba zubewa ya yi ba, zuba shi aka yi, a zagaye, da ɗan tsibi a tsakiya.

Zuciyar Sati ta yi sanyi, don ya san wannan zagayen tun yana yaro. A ƙasarsu, da ƙasar Kambari, ba a ɗaga dutse daga inda yake zaune a wurin kakanni sai an zuba gari an nemi izini. Ɓarawo ba ya neman izini. Wanda ya ɗauki ƙafar nan ya girmama ta fiye da mai ita, kuma mutum irin wannan ba kasuwa zai kai ta ba.

* * *

Safiyar Juma'a ya kama hanyar yamma. Akwai wani tudu mai nisan tafiyar sa'a uku daga gari, inda Kambari suka zauna a da kafin yaƙe-yaƙe su watsa su. Ba mai zuwa wurin sai maharba. Ruwa ya wanke hanya, amma Sati ya san inda ruwa ba ya kaiwa. A gindin wata tsamiya mai duhu ya sami abin da yake nema, sawu uku na ƙaramar ƙafa, ba takalmi, na hagu ya fi na dama nutsewa. Gaba kaɗan hanyar ta bi ƙarƙashin wani reshe da ya sauko har daidai goshinsa. Mai kaya a ka dole ya kauce ko ya durƙusa, wannan kuwa ta wuce kai tsaye. A kafaɗa ta ɗauki kayanta, yadda matan Kambari ke yi, don su ba sa ɗora wa kai kaya.

Ya hau tudun rana ta take. Kufan yana nan yadda ya san shi, zagayen duwatsu inda ɗakuna suke a da, da duwatsun niƙa da suka lotsa, da gindin rumbuna. A ƙarƙashin wata kuka, tsakanin baƙaƙen duwatsu uku, ga farar ƙafa a zaune. An yi mata 'yar rumfa da ciyawa don ruwa, an ajiye ƙwarya da sauran giya a gabanta.

Sati ya zauna ya daɗe yana kallonta, don bai taɓa ganin ƙafa irinta ba, shi da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙafafu. Ta dama ce, ta mace. Ba faso, ba tabon ƙaya, mai ita ba ta taɓa noma ba. Dunduniyar ta ɗan ɗaga, yatsun sun danne ƙasa, wato tafiya take aka tsayar da ita. Ya yi mamakin wanda ya sassaƙa ta, ya ce a ransa wannan mutum da a Rijau aka haife shi da mai bin sawu ne. Bai taɓa ta ba. Sati ya musulunta shekara ashirin da suka wuce, yana sallarsa, amma bai ga dalilin tsokanar waɗanda ba su tsokane shi ba, kuma bai zo da gari ba.

* * *

Safiyar Asabar motar Salka tana tasha ana loda mata buhuna, Dorkas ta ɗaure kayanta a zane. Sati ya ce wa sajan ya tara kowa a baranda. Mai Lofe yana kan kujera da lofensa, Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da Alis. Baƙo da Mika'ilu suna gefe ɗaya ba sa kallon juna. Dorkas ta zo tana dogara sanda, uwarta ta biyo ta ta zauna can ƙarshen dakali, inda ba wanda ya kula da ita, kamar yadda ba wanda ya kula da ita tun ranar Laraba.

Sati ya ce Mika'ilu ya zo ya tarar an riga an ɗauka, kuku kuwa laifinsa goge tebur da yawan rantsuwa. Ya ce Dorkas ba ta ɗauka ba, ba ta kuma san wanda ya ɗauka ba. Daga nan ya kwance wani ƙulli, ya zuba garin gero a kan teburin, a zagaye, da ɗan tsibi a tsakiya. Ya juya wajen tsohuwar.

"Inna, haka aka yi, ko na ɓata?"

Lahadi ta taso ta duba. Ta sa yatsa ta gyara zagayen a gefe ɗaya, ta ce yanzu ya yi.

Dorkas ta saki sandar ta zauna a ƙasa. Uwar ta yi magana da Kambarci, doguwa, ba ta ɗaga murya ba, Mai Lofe ya ce a fassara masa. Ba mai iyawa sai Dorkas, don haka ita ta fassara laifin uwarta da bakinta. Lahadi ta ce 'yarta ta gaya mata cewa daga kufai aka ɗauko dutsen, ba gari, ba sallama, kuma 'yarta ce ta ɗauke shi a jiki. Ƙafar dama aka raba da mai ita, ga shi ƙafar dama ta kumbura. Ta ce ita ba ta san hanyar ƙasar mutanen ba, ba ta da jirgi, don haka ta kai baƙuwar wurin nata kakannin su ba ta masauki, su ba ta haƙuri, kafin a sami mai mayar da ita gida. Ta ce ta ji an kira 'yarta ɓarauniya, ta yi shiru ne don sai baƙuwa ta kwana uku kafin a faɗi inda take, yau kuma kwanan ya cika.

Mai Lofe ya ce kurkunu daga ruwan tafki yake, kowane malamin asibiti ya san wannan. Lahadi ta ce ita ma ta sani, amma mutum nawa suka sha tafkin ba su kamu ba. Fuskar Bature ta yi ja. Ya ce to Dorkas ta zauna, amma tsohuwar za ta je gaban alƙali, don sata sata ce.

Sati ya ce, "Ranka ya daɗe, ana iya zuwa. Sai dai ni in na tsaya gaban alƙali, sawu nakan bayar daga farkonsa. Zai tambayi mai kaya inda ya saya, ko wanda ya ba shi. Shaidar wannan kuma mutum ɗaya ce a ƙasar nan, ga ta nan zaune."

Ya nuna Dorkas da hannu. Sai Uwargida ta yi dariya, ta faɗi wani abu da Turanci, wanda Baƙo ya ce daga baya ma'anarsa ita ce tun a jirgi ta gaya wa mijinta cewa haka za ta faru. Ta ce a bar ƙafar inda take, in hutu ya zagayo su mayar da ita. Mai Lofe ya tsotsi lofen da ya daɗe da mutuwa, ya ce to, magana ta ƙare, Dorkas ta kwance kayanta.

Dorkas ba ta taɓa ƙullin ba. Ta ce ta gode, tana son aikinta, tana son Alis kamar ita ta haife ta. Amma sunan da ya kira ta da shi ba a baranda ya tsaya ba, ya shiga kasuwa, kuma ba za ta iya goyon 'yarsa a cikin gari ana nuna ta da baki ba. In zai janye, ya janye a inda aka ji. Ni dai a ganina wannan maganar ta fi hawa jirgin ruwa wuya, kuma ta faɗe ta ba ta sunkuyar da kai ba.

* * *

Kurkunun ya fasa ranar Litinin, aka fara naɗe shi a tsinke. Malamin asibiti ya ce aikin maganinsa ne, Lahadi ba ta yi musu da shi ba. Ko an mayar da ƙafar Girka daga baya, wannan ban sani ba, don an yi wa Mai Lofe canjin wurin aiki kafin hutun ya zo.

Abin da na sani shi ne na Larabar da ta biyo baya. Kasuwa ta cika, sai ga motar Baturen hanya ta tsaya wajen masu hatsi. Ya fito, Dorkas ta fito da sandarta, uwarta tana bayanta. Mutane suka taru, masu awo suka ajiye mudu. Mai Lofe ya cire hularsa, ya yi magana da irin Hausar da Turawa ke koya don jarrabawa, kalma ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya kira matar nan ɓarauniya, ya yi kuskure, ba ta ɗauki komai ba, kuma amintacciya ce a gidansa.

Da a nan aka tsaya da kowa ya watse. Amma a kasuwarmu ba a rasa mai tambaya. Wata mai sayar da daddawa, Fadimatu, ta ɗaga murya daga bayan tallanta ta ce, "To ranka ya daɗe, in ba ita ba ce, wa ya ɗauka?"

Dorkas ta kama hannun uwarta ta riƙe. Ta san cewa kalma ɗaya ta isa a sauke sunan daga kanta a ɗora wa tsohuwar, kuma 'yar ɓarauniya ba ta fi ɓarauniya daraja a bakin mutane ba. Mai Lofe ya juya ya kalli Lahadi, ita ma ta kalle shi, ko gezau. Ya daɗe yana juya hular a hannu.

"Ni ne," in ji shi. "Ni na ɗauka, a can ƙasar masu ita. Tsohuwar nan ajiyewa ta yi."

Dorkas ta saki hannun uwarta, ta tako zuwa wajen Fadimatu a hankali, ta ce a ba ta daddawa mai kyau, don yau a gidansu miyar kuka za a yi.